Motata tana rawa in na taka totur, kuma a hannun yayan matata na saye ta

Assalamu alaikum. Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa fataucin riɗi, a wani ƙauye ta wajen Taura a Jihar Jigawa. Bayan kakar bara na haɗa abin da na samu na sayi jif Toyota Highlander ƙirar 2005, mai silinda shida, otomatik, wadda aka riga aka yi amfani da ita, a wurin yayan matata da ke dillancin motoci a Kano. Da farko lafiya lau, sai wata 'yar girgiza da ban ɗauke ta a bakin komai ba. Tun da damina ta wuce abin ya yi tsanani. Da na taka totur, musamman tsakanin 40 da 70, ko in na ɗauko kaya, sai gaban motar ya kama rawa har in ji a ƙafata da kujera. Ina ɗage ƙafa sai ta yi lakwas kamar ba ita ba. An yi mini balansin, na canza tayoyi biyu, ba abin da ya sauya. Wani bakanike a garinmu ya ce giyar ce ta tafi, sai an sayo wata. Wani ya ce injin sit ne, wato robobin da injin ke zaune a kai. Mahaifiyata ta ce baki ne ya kama motar. Ni kuwa zuciyata tana gaya mini yayan matata ya san da matsalar ya rufe ni, har na fara yi wa matata magana a kai, yanzu gidan ba daɗi. In canza giyar, ko in mayar masa da motarsa?

Daga wani manomi a ƙasar Taura

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a nomanka da fataucinka, ya kuma sanyaya maka gidanka.

Kada ka sayi giya yanzu, kada kuma ka ɗauki mota ka kai ƙofar gidan surukinka. Duka biyun yanke hukunci ne tun ba a san mai laifi ba, kuma kowanne yana da tsada: ɗaya zai cinye kuɗin riɗinka, ɗayan zai taɓa zumunci da auren da ya girmi motar a hannunka. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar faɗin haka yana cikin wasiƙarka. Ka ce in ka taka tana rawa, in ka ɗage ƙafa ta daina. Wannan magana guda ta fi duk abin da aka gaya maka a gareji amfani.

Taya ba ruwanta da ko ka taka totur ko ba ka taka ba. In ita ce ta kumbura, ko rim ya lanƙwashe a rami, ko laka ta bushe a cikinsa ta ɓata masa nauyi, to gudun mota kawai girgizar ke bi. Ka kai 90 ko 100 sitiyari ya kama rawa, ka ɗage ƙafa ya ci gaba da abinsa har sai gudun ya sauko. Shi ya sa balansin bai yi maka komai ba, kuma ko an sake ba zai yi ba. Girgizar birki ita ma daban take, sai ka taka birki take zuwa. Ta motarka kuwa tana zuwa ne lokacin da injin ke tura ƙarfi zuwa ƙafafu, ta tafi in an janye ƙarfin. Ke nan laifin yana kan hanyar da ƙarfin ke bi: injin kansa, robobin da yake zaune a kai, giya, shaf biyu na gaba masu kai ƙarfin daga giya zuwa tayoyi, sai furofela mai kai shi tayoyin baya in motarka mai jan ƙafa huɗu ce. Giya ɗaya ce tak a cikinsu, ita ce mafi tsada, kuma bisa yadda ka kwatanta ita ce ta ƙarshe a zargina.

Wanda na fi zargi shaf ne, kuma kansa na ciki, wanda ke shiga jikin giya. Kowane shaf na gaba gaɓa biyu gare shi. Ta waje, wadda ke jikin taya, kowa ya san kukanta, ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kan mota sosai za ka yi kwana. Da yake ita ce mai surutu, kanikawa da yawa in sun zagaya da mota ba su ji wannan ƙarar ba sai su ce shaf ƙalau yake. Ta ciki ba ta kuka. Kofi ne na ƙarfe da aka fafe wa hanyoyi uku a bangonsa, da 'yan boris uku masu kai-komo a cikin hanyoyin. Su ne ke ba shaf damar miƙewa da tsukewa in taya ta hau tudu ko ta faɗa rami. Duk sa'ad da ka taka totur, boris ɗin nan danne bangon suke yi, kuma kusan kullum a wuri guda. Shekara da shekaru ana haka sai su ci wurin ya yi gurbi, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya. Daga nan in ka taka, gaban mota ya ɗan ɗaga, injin ya ɗan karkata, sai boris su riƙa faɗawa gurbin suna fitowa a duk juyin taya, ga ƙarfin injin mai silinda shida a kansu. Abin da kake ji a ƙafarka da kujera ke nan, gaban mota yana kaɗawa hagu da dama. Ka ɗage ƙafa, dannewar ta tafi, sai shiru. Kaya da hawan tudu suna ƙara abin ne don suna sa ka ƙara takawa.

Batun da ka yi na damina ma ya dace da wannan. Abin da ke kare gaɓar nan wata roba ce mai ninki-ninki da aka cika da giris aka ɗaure bakinta da ƙarfe. Robar da aka sa tun 2005 ta riga ta tsufa ta bushe, ga hanyarku ta burji da yashi, ga kututturen dawa da ƙaya in ka shiga gona. Da zarar ta yage, giris ya fice, ruwa da yashi su maye gurbinsa, kuma yashi in ya cakuɗe da ragowar giris goge ƙarfe yake yi dare da rana. Girgizar da take kaɗan a watan da ka sayi mota tana iya zama wannan da kake gani cikin damina ɗaya. Ka kuma duba ko an ɗaga motar da robobi a saman shakazoba don kada cikinta ya riƙa taɓa ƙasa, yadda ake yawan yi wa motar da za ta shiga ƙauye. Ɗagawar tana karkatar da shaf fiye da yadda aka ƙera shi, ta tura boris wurin da ba su saba zama ba. Akwai motocin da wannan kaɗai ke sa su rawa, a cire robobin su koma daidai.

Amma zargi ba tabbaci ba ne, don haka ga abin da nake so ka yi da kanka kafin ka sake ba kowa ko sisi. Da farko ka ɗauki sifana ka bi notocin tayoyi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, tunda an kwance su kwanan nan. Sannan ka tayar da mota tana tsaye, giya a P, ka taka totur a hankali har allurar injin ta kai 2 zuwa 3, ka saurara da jikinka. In tana girgiza a tsaye, to shaf da taya da furofela duk sun fita daga zargi, domin ba abin da ke juyawa a cikinsu. Ka koma kan injin da robobinsa. In ta yi sumul, ka nemi titin kwalta miƙaƙƙe da sassafe, lokacin da ba 'yan makaranta ba shanu, ka tafi da mutum ɗaya mai hankali a kujerar baya ya gaya maka ko daga gaba yake jin abin ko daga ƙarƙashinsa. Ka kai ta gudun da take rawa, ka ɗage ƙafa, ka sake takawa, ka tabbatar abin da ka rubuto haka yake kowane lokaci. Ka sake yi a wannan gudun dai, amma ka sauke giyar da hannunka zuwa ta ƙasa, yadda injin zai ƙara kuka gudun mota bai sauya ba. In girgizar ta tsaya a gudunta na da, ko wace giya ka sa, to abin da ke juyawa tare da taya ne, wato shaf ko furofela. In kuwa ta koma bin kukan injin, tana zuwa duk lokacin da allura ta kai wani wuri ko da gudun ya bambanta, to injin ne ko robobinsa. Wani abu kuma: irin wannan mota daga Amurka aka fi shigo da su, kuma a agogon gudunsu manyan lambobin mil ne, ƙananan na ciki su ne kilomita. Arba'in a manyan ya kai kilomita 64. Ka san wanda kake karantawa kafin ka yi wa bakanike bayani.

Shi bakaniken da ya ce giya ba daga sama ya ɗauko maganar ba, akwai girgizar da giyar otomatik ke kawowa. Tsakanin injin da giya akwai wani dunƙulallen ƙarfe cike da man giya, kwambata, kuma a cikinsa akwai kuloci da ke kamawa in mota ta daidaita a kan hanya. In man ya tsufa, ko an zuba wanda ba nata ba, kulocin sai ya riƙa kamawa yana saki, ka ji kamar ka hau gargada na 'yan daƙiƙu alhali titin sumul yake. Sai dai halinta kishiyar taka ce. Tana zuwa ne in ka taka kaɗan-kaɗan kana tafiya a natse, in ka danna sosai giya ta sauko sai ta ɓace, kuma ko ɗan shafar birki ka yi da ƙafar hagu ba tare da ka saki totur ba sai ta ɗauke. Taka kuwa ƙaruwa take yi in ka ƙara dannawa. Ko ma ita ce, maganin farko zubar da tsohon mai ne a sa sabo irin nata. Ka zaro sandar auna man giya, za ka ga an rubuta irin da take sha, Highlander ta wannan shekarar T-IV ce. Ka goga man a farin ƙyalle. In ja ne ba ya ƙauri, giyarka tana da sauran rai mai yawa. Giyar da ta mutu da gaske ba ta ɓuya: ka taka injin ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, ka sa D ta daɗe kafin ta kama, ta riƙa buga ka in za ta canza, man ya yi baƙi yana warin ƙuna. Ba ka ambaci ko ɗaya ba a wasiƙarka. Duk wanda ya ce a sayo giya bai zaro sandar nan ba, bai kuma hau motar tare da kai ba, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Na biyun da ya ce injin sit ya fi kusa, kuma gwada maganarsa ba ya cin komai. A buɗe bonet, a sa birkin tsayawa, ka danne birkin ƙafa da ƙarfi, ka sa D ka ɗan taɓa totur na daƙiƙa biyu, sannan ka sa ribas ka yi haka. Mai kallo ya tsaya a gefe. Kada kowa ya tsaya a gaban mota ko a bayanta, yara kuma a kore su daga wurin gaba ɗaya. Injin lafiyayye ɗan motsi zai yi ya tsaya. In ya zabura ya ɗaga har ka ji ƙum, roba ta yanke. A wannan motar akwai wani guntun ƙarfe mai roba a kawunansa biyu a saman injin ta ɓangaren fasinja, ana ganinsa da an buɗe bonet, shi ne ya fi saurin tsagewa. Wasu na ƙasan kuma ruwa ne a cikinsu, in sun fashe za ka ga baƙin danshi ya zubo a jikinsu. Sau da yawa abu biyun tare suke zuwa, domin injin da ke zabura yana fizgar shaf ya ƙarasa shi. In ka canza shaf ka bar yankakken sit, sabon ma ba zai daɗe ba.

Sai injin. Akwai misin, wato wata silinda ta riƙa kasa ƙona mai, da ba ya fitowa a tsaye, sai an ɗora wa injin nauyi, kamar hawan tudu ko wuce babbar mota. Alamarsa mota ta riƙa fizga tana ja da baya, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. A nan akwai abin da ya kamata duk mai irin wannan injin ya sani. Fulogi shida gare shi, uku a gaba da ake gani a fili, uku a baya da suka ɓuya ƙarƙashin bututun shigar iska ta wajen gilashi. Kai hannu gare su aiki ne mai cin lokaci, don haka wasu kanikawan ukun gaba kawai suke canzawa su rufe bonet. Ana samun motar da ta zagaya hannu uku ba a taɓa kwance na bayan ba. In za a duba, ka tsaya a wurin ka ga an fito da shidan an jera maka. Man galan na 'yan bumburutu ma, in ya zo da ruwa ko datti, yana toshe matatar famfon mai da nozul ya kawo irin wannan fizga. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sa mata kwamfuta, ko a Dutse ko Haɗeja ko Kano. Motocin Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. In misin ne yawanci za ta nuna lamba daga P0300 zuwa P0306, kuma in ban da P0300, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke da matsala, misali P0303 ta uku ce. Ka sa a rubuta maka lambobin a takarda kafin a goge su. Amma ka sani kwamfuta ba ta ganin shaf, ba ta ganin sit, ba ta ganin furofela. In ta ce ba komai, injin kaɗai ta wanke.

Ka kuma yi wannan tun yau: ka murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da ka tayar ba. Dole fitilar cek injin ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. In kuma wata rana kana tafiya ka ga tana ƙyaftawa, ka sauka gefen hanya, domin ɗanyen mai ne ke wucewa cikin salansa yana ƙona abin tace hayaƙin da ke ciki.

Ba ka faɗi ko motarka mai jan ƙafa biyu ce ko huɗu ba, ana yin Highlander iri biyun. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. In ka ga dogon bututun ƙarfe ya tashi daga wajen giya ya miƙe har tsakanin tayoyin baya, wanda ba salansa ba, to furofela ke nan. Girgizarta a tsakiyar mota ake jinta, ƙarƙashin kujera, da gurnani da ke ƙaruwa da gudu, wani lokaci da ƙarar kwal in ka sa giya. A duba kuros ɗinta, wato gaɓar da ke kawunanta, ko akwai jan garin tsatsa a bakinsa, a duba robar boris ɗin da ke riƙe ta a tsakiya. In za a kwance ta a yi mata alama da fenti don ta koma yadda take. Kada ka yarda a ce a cire ta a ajiye, motar da ke jan ƙafa huɗu kullum ba a ƙera ta don ta yi tafiya haka ba. Kuma in irin wannan ce taka, tayoyi biyun da ka canza su zama lamba ɗaya da tsofaffin, ka karanta a gefensu, irin 225/70R16. Taya mai tsawo daban tana sa gaba da baya su riƙa jayayya, abin ya ƙare a kan kayan giya.

In gwajin nan ya nuna shaf, ka je garejin da ke da rami ka shiga ramin da kanka da tocila. Ka haska inda shaf ke shiga giya, hagu da dama. In roba ta yage za ka ga baƙin giris ya fantsama a zagaye, a jikin giya da salansa da ƙarfen ƙasa, ƙura ta manne masa. Ka kama shaf kusa da kofin ka jijjiga sama da ƙasa, ka murɗa gaba da baya, ka gwada da ɗaya ɓangaren. Wanda ya fi sakwarkwacewa shi ne. Na dama ya fi tsawo, kuma in yana da boris a tsakiya da aka ɗaure a jikin injin, shi ma a taɓa shi. Wani lokaci roba tana nan lafiya, hannu ma ba ya jin komai, amma cikin ya ci. To sai a kwance, a zare kofin, a wanke shi da kalanzir, ka sa yatsanka ka bi hanyoyin nan uku. Lafiyayye sumul za ka ji daga farko har ƙarshe. Wanda ya ci kuwa yatsanka zai faɗa ɗan gurbi mai sheƙi ya hau wani ɗan tudu. In ka ji wannan ka gama bincike.

Wajen saye kada ka aika yaro da suna kawai. A ɗauki tsohon shaf ɗin a tafi da shi Ƙofar Ruwa a Kano, a kwantar da shi kusa da wanda za a saya, a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran kawunan biyu da na zoben birkin ABS. Na hagu daban, na dama daban, na mai silinda huɗu ba lallai ya hau mai shida ba, haka na mai jan ƙafa biyu da na mai huɗu. Ni a ganina ɗan Beljiyam na asali wanda robarsa ba ta taɓa yagewa ba ya fi sabo mai arha, domin cikin masu arhar akwai waɗanda tun ranar farko suke rawa, sai mutum ya ɗauka ba shaf ba ne ya koma kan giya. Ku yi sharaɗi da mai kaya a gaban shaida cewa in an ɗaura yana rawa za a dawo da shi. A sa sabon giris irin na shaf, a ɗaure robar da ƙarfenta, kada a ɗaure da waya ko tsinken tub. In an zare shaf man giya yakan ɗan zuba, don haka a duba sil ɗin bakin, a ciko da T-IV. In ba a tabbatar da ɓangaren ba, a fara canza ɗaya a gwada. Kada kuma a haɗa gyara uku rana ɗaya, domin in ta warke ba za ka san wanne ne ya yi aiki ba, in ba ta warke ba ka yi asarar uku.

Kafin a gyara, ka lallaɓa ta. Zuwa kasuwar Gujungu a hankali ba laifi, amma kada ka ɗauki iyali ka kama doguwar hanya, kada ka danna ta don wuce tirela. Shaf in ya ɓalle a kan gudu mota tana rasa ja nan take. Batun kaya kuma ina roƙonka ka buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. An rubuta iskar da taya ke so, wadda sau da yawa ba ta kai abin da mai faci ke dura mata ba, an kuma rubuta nauyin da motar za ta ɗauka. A irin wannan jif da wuya ya kai kilo 600, kuma har da kai da fasinjojinka a ciki. Buhun riɗi huɗu da mutum uku sun riga sun cika shi ko sun wuce. Kayan fatauci a ba akori-kura.

Yanzu maganar da na san ita ta fi ci maka rai. Haƙƙinka ne ka so sanin ko an rufe ka. Shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya in an sami aibin da yake nan tun kafin ciniki ba a bayyana masa ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Sai dai malamai suna duba ko aibin tsoho ne ko a hannunka ya faru, suna kuma duba ko ka ci gaba da amfani da kaya bayan ka gani. Kai da bakinka ka ce ka ji 'yar girgiza tun farko ka ci gaba da hawa, damina guda ta wuce a kan burji da kaya. Kuma cin shaf na ciki abu ne da dillali zai iya zagaya Kano da mota, daga danja zuwa danja, bai taɓa jinsa ba, domin sai an danna a buɗaɗɗiyar hanya yake fitowa. Ban ce bai sani ba, amma abin da ke hannunka yanzu bai isa ka ce ya sani ba. Abin da za a gani a rami zai taimaka. In yagewar sabuwa ce, bakinta fes, hanyarku ce ta yi. In an tarar da roba da aka ɗaure da waya tun tuni, ko fitilar cek da aka cire wa ƙwai, to wani ya ɓoye wani abu, ko da yake yana iya zama wanda ya sayar masa ne. A lokacin sai ka sami malamin da ka yarda da shi ya faɗa maka hukunci, ka kuma sami babba a dangi ku zauna.

Maiɗakinka kuwa ba ita ta sayar maka da mota ba. Duk maganar da ka yi mata a kan yayanta ka sa ta a tsakanin mutum biyu da ba ta iya zaɓar ɗaya ta bar ɗaya. Ka ba ta haƙuri yau, kada ka jira sakamakon gareji, ka gaya mata magana tsakaninka da Yaya ce kuma za ku gama ta lafiya. Sannan ka kira shi da kanka. Kada ka fara da zargi. Ka ce, Yaya, motar nan tana rawa in na taka, ana zargin shaf na ciki, wa ka sani a Ƙofar Ruwa da zai ba mu mai kyau, wane bakanike kuma ka yarda da shi? Dillalin mota ya fi ka sanin masu kaya da farashinsu, kuma yadda zai karɓi maganar zai nuna maka abubuwa da yawa game da shi. Mai yiwuwa ma ya ɗauke maka wani abu daga cikin kuɗin ba tare da ka roƙa ba. Ita kuma Hajiya mahaifiyarka, damuwarta ƙauna ce, ka karɓi addu'arta ka ce ta ƙara, kai ma ka riƙe addu'ar hawa abin hawa. Neman tsari ba ya hana a leƙa ƙarƙashin mota, ka yi mata bayanin abin da aka gani in an gani.

In an gama aiki, kada ka cika kuɗin hannu sai kun hau tare da bakaniken, a kan titin da ka yi gwajin farko, a gudun nan dai, ka danna yadda ka saba. Ka karɓi tsohon shaf ɗin ka tafi da shi gida. Daga nan duk lokacin da za a yi juyen baƙin mai, ka sa a haska robobin shaf huɗun nan na gaba, a matsa ninkinsu da yatsa a ga ko sun fara tsagewa, musamman bayan kaka in ka shiga gona ɗauko amfani. Robar da aka kama da wuri ita kaɗai za a canza a ƙara giris. In kuwa gwajin ya nuna wani abu daban da abin da na zata, ka sake rubuto mini da gudun da take rawa, da inda allurar injin take a lokacin, da lambobin da kwamfuta ta bayar, mu duba tare.